Tumatirin Gefen Dogo

Ranar Asabar ta farko a watan Satumba, shekarar da na cika goma sha uku, da hantsi, ina tsaye a jikin shingen waya riƙe da tsohon bokitin fenti, ina kallon kakata tana sunkuyawa tana ratsawa ta inda wayar ta yage. Tsohuwa ce mai shekara saba'in da ɗoriya, ga zani, ga rigar sanyin babana da ta sauko mata har gwiwa, ga takalmin roba da ya fi ƙarfin ƙafarta. Ta hau ɗan tudun a hankali, ta durƙusa dab da tsakuwar layin dogo, ta shiga tsinkar tumatir tana zubawa a gefen mayafinta. Sai ga jirgi ya taho. Ko gezau ba ta yi ba, ta dai dafe ɗankwalinta har ya wuce. Iskarsa ta bugo ni, wani ɗan feshi mai sanyi ya sauka a fuskata da leɓena, tare da wani wari da na saba ji a wurin amma ban taɓa tambayar kaina daga ina yake fitowa ba. Na zaci yayyafi ne, don a Birmingham ba a mamakin yayyafi, sai na sa harshe na lashe. Har yau in na tuna wannan lasar sai na nemi inda zan tofar da yawu.

Kaka mahaifiyar babana ce. Sunanta aka sa mini, shi ya sa a gida ake ce mini Ummi, ita kuma take kirana Takwara. Babana injiniyan gine-gine ne, shi ya je ya ɗauko ta daga ƙauyenmu bayan rasuwar kakana, saboda ciwon suga ya ci ƙarfinta, allurar da take buƙata kuma sai an ajiye ta a firji, ƙauyenmu kuwa ba wuta. Gidanmu a unguwar Sparkhill yake cikin Birmingham, siririn gida mai bene ɗaya a wani lungu bayan Stratford Road. Lokacin sanyinta na farko Kaka ta ƙi kwance akwatinta. Wuni take a bakin taga tana kallon bangon maƙwabta, in an gaishe ta ta amsa, in an kawo abinci ta taɓa ta ture, maganarta guda ce: "Ku mayar da ni inda zan taka ƙasa." Likita ya riga ya gaya wa Baba cewa in ta koma ba za ta daɗe ba. Da dabara ta ƙare masa, sai ya nemi ɗan filin lambu daga cikin waɗanda ƙaramar hukuma ke bayarwa haya, aka ba shi na can ƙarshe, wanda ya jingina da shingen layin dogo, don babu mai so saboda ƙara. Ranar da Kaka ta damƙi ƙasar wurin ta murza ta shinshina, a ranar ta kwance akwatinta. Kowa a gidan ya san lambun nan ne kaɗai ke riƙe da ita a Ingila, har ni da nake yarinya na sani.

Ni kuwa na tsani lambun, ba ɓoye-ɓoye. Iyayena suna aiki, don haka ni aka ɗora wa rakiya, kowace Asabar da Lahadi da duk ranakun hutu. Ni ce mai jido ruwa daga famfo, ni ce mai cire ciyawa a tsakanin kunyoyin da Kaka ta ja da fartanyar da ta sa aka aiko mata daga Kano, don ta ce shebur ɗin Turawa na masu ciwon baya ne. Ni ce mai tsince dodon koɗi marar ƙoƙo daga ƙarƙashin ganyen alayyahu, ina jefa su a gwangwanin ruwan gishiri suna narkewa suna kumfa, yauƙinsu ya manne a yatsuna sabulu bai fitar da shi. Duk bayan 'yan watanni wata mota takan juye kashin dawaki a bakin ƙofar lambunan, yana tururi, Kaka ta sa hannu tsirara tana ɗiba tana yaba kyansa, ni kuwa ina toshe hanci da wuyan rigata. "Takwara, hancin nan naki na 'yan birni ne, a miya kike son kabewa amma ba kya son sanin abincinta," in ji ta. Abin da ya fi komai ƙona mini rai shi ne komawa gida, mu ratso Stratford Road ni da bokiti ita da dami a ka, 'yan ajinmu na zaune a bakin shagon kaza suna kallo. Ranar Litinin a filin makaranta har da mai ɗora jakarta a ka tana rangaji, sauran suna shewa. Ba na ce babu daɗi ko kaɗan ba. In mun gaji mukan zauna a kan buhu, ta koya mini 'yar carafke da tsakuwar da ta tsinto a gefen dogo, ko mu yi gasar ƙirga tarago, kullum ta cinye ni kuma ta yi mini gwalo.

Tumatirin ba ita ta shuka shi ba. Nata da ta shuka a kunya ya yi ta fama da sanyi, ya tsaya kore kamar ba zai nuna ba. Wata rana ta leƙa ta shinge ta hango wani ya fito da kansa a gefen tsakuwar layin, jere guda, ganye baƙi ƙirin don ƙoshi, 'ya'ya jajur. Ba ta ga abin tambaya a ciki ba, domin a gefen dogo ta tashi. Ƙauyenmu ƙaramar tasha ce a kan layin da ya nufi Nguru, kuma a can abin da ya faɗi a gefen dogo na wanda ya tsinta ne. Suna yara sukan bi layi da ƙwarya suna tsintar gyaɗar da ta zubo daga ɓarakar buhuna, su kwashi guntayen kwal su kai wa iyayensu mata, in jirgi ya tsaya shan ruwa su roƙi direba ya sako musu ruwan zafi su yi wanki. Mutane har kuɓewa da wake suke shukawa zuwa bakin tsakuwa, ba mai hana su. Shingen waya da allon gargaɗi da ba ta iya karantawa ba, a ganinta duk rowar Bature ce. Ta ja mini kunne kada in gaya wa Baba tana ƙetarawa, ta ce shi ɗan boko ne, tsoro ya yi masa yawa. Wata guda muna cin tumatirin nan a gida, Mama tana santi.

A wannan hutun ne malamar tarihi ta ba mu aikin gida, kowa ya rubuta yadda layin dogo ya canza noma da arziki a yammacin Amurka. Baba ya ji daɗin aikin fiye da ni. Mutum ne da in aka ambaci gada ko dogo sai ya ajiye cokali. Ya shimfiɗa taswira a kan teburin cin abinci yana bi da yatsa, yana nuna mini yadda gwamnati ta yanka wa kamfanonin jirgi ƙasa dama da hagun layi, su kuma suka yi ta tallarta har Turai, talakawa suka kwaso iyalansu suka zo suka fasa dajin ciyawa da garma. Kafin jirgi, in ji shi, manomi abin da zai ci kawai yake nomawa, don ko ya noma da yawa babu mai kai masa kasuwa. Da jirgi ya zo sai alkama da masara da shanu suka fara tafiya manyan birane, katako da injinan girbi da wayar shinge suna dawowa. Inda aka kafa tasha gari ya tashi, inda layi ya kauce gari ya mutu. "Dogo ne ya gina Amurka, Ummi. Write that down," ya ce, na kuwa rubuta har da ja masa layi. Shafi ɗaya ne a littafin tarihina Baba ya buɗe da sauri ya wuce, ni kuma na koma na duba. Hoton tulin ƙoƙunan kan ɓauna ne, ya fi gidanmu tsawo, wani mutum na tsaye a samansa yana taƙama. An karkashe dabbobin, wasu ma ta tagar jirgi aka harbe su don nishaɗi, aka bar naman yana ruɓewa a fili, 'yan asalin ƙasar da suke rayuwa a kansu aka kora su gefe da yunwa. Daga baya talakawan manoma suka riƙa bin daji suna tsintar ƙasusuwan, su kai tasha su sayar, a niƙa a yi taki. Na rufe littafin.

Na ba Kaka labarin da guntuwar Hausata muna ɓarar wake a lambu, ina jiran ta yi tir. Sai ta yi dariya ta ce ashe su ma 'yan tsintuwa ne. Ta ce a garinsu ma haka dogo ya yi. Ya kawo kwanon rufi da keke da atamfa, ya kawo 'yan dako da masu tuwo-tuwo, har ƙauyen ya zama gari. Amma ya sa maza suka bar gero da dawa suka rufe gonaki da gyaɗa, saboda ita jirgi yake ɗauka, har wata shekara da ruwa ya ɗauke da wuri aka leƙa rumbuna ba komai, mutane suna kallon buhunan gyaɗa a tasha suna cin tafasa. "Jirgi mai kyan yake ɗauka ya tafi da shi, na gefen hanya kuma ya rayu da abin da ya zubo," ta ce, ta ci gaba da ɓarar wakenta. Ban sa wannan a rubutuna ba. A ganina lokacin, maganar tsohuwar da ba ta san inda Amurka take ba ba ta shiga takardar makaranta.

To, a waccan Asabar baƙi muke da su. Iyalai huɗu za su zo daga Manchester, abokan Baba tun na jami'a da matansu, Kaka kuma ta ɗauki alwashin yi musu tuwon shinkafa da miyar taushe da kayan lambunta zalla. Da bokitin ya cika sai na tafi famfo in wanke hannu. A nan na tarar da Mista Clive, dattijon da filinsa ke kusa da namu, mutumin Jamaika da ya yi ritaya daga aikin gyaran layin dogo. Shi da Kaka ba sa jin yaren juna, amma sun yi musayar irin alayyahu, kuma kullum sai sun gaisa da hannu a ƙirji. Ya dubi bokitin, ya dubi shingen, ya cire hularsa ya sosa kai. Cikin sanyin murya ya tambaye ni ko na san wanda ya shuka tumatirin. Ya ce tsofaffin jiragen da ke bin layin ba su da tankin bayan gida, duk wanda ya shiga makewayi ya ja ruwa, a kan layin yake zuba. Ƙwayar tumatir kuwa ciki bai narkar da ita, yadda aka haɗiye ta haka take fitowa, ta faɗi da takinta. Ya ce shekara da shekaru yana aiki a cikin wannan feshin, shi da abokan aikinsa ko da wasa ba sa taɓa tumatirin layi. Ya roƙe ni in gaya wa babana a keɓe, kada tsohuwar ta ji kunya. Na durƙusa a bayan famfon na yi amai har sai da na ga koren ruwa, na yi ta dirzar leɓena da hannun riga.

Ban gaya wa Baba ba. Rabin wuni nake da shi, ya wuce ni a matakala ya fi sau biyar yana jera kujeru, ban ce uffan ba. Na tsaya a ƙofar kicin ina kallon Mama tana wanke tumatirin tana markaɗawa, Kaka a kan 'yar kujera tana feraye kabewa tana waƙa ƙasa-ƙasa, ƙamshin daddawa da gyaɗa ya cika gidan, ni kuwa duk numfashin da na ja warin layin nake ji. Na sha gaya wa kaina cewa tsoro ne ya hana ni magana. Ƙarya nake yi. Daɗi nake ji na riƙe abin da babu wanda ya sani, kuma haushin bokiti da dami da shewar 'yan ajinmu yana nan a raina, ina neman inda zan sauke shi.

Bayan azahar falo ya cika. Maza a kan kujeru, mata a kan darduma ta wajen ƙofar kicin, yara a matakala da farantai a cinya. Kaka ta sha sabon leshi tana zaune a tsakiyar mata, fuskarta kamar ta amarya. Anti Bilki, likitar yara ce a Manchester, ta suɗe yatsa ta ce, "Wallahi Hajiya, tun da na zo ƙasar nan ban ci miya mai taste ɗin gida irin wannan ba. Na supermarket duk ruwa ne. Don Allah a sa mini a container in tafi da ita." Kaka ta ce ai tumatirin ne, Allah ne ya shuka mata shi. Aka yi dariya, aka ƙara zuba miya. Sai Baba ya hango ni a tsaye ba faranti, ya yafuto ni, yana son ya yi taƙama da 'yarsa. "Ummi ta yi project a kan railway a Amurka. Zo ki faɗa wa su Uncle abin da dogo ya kawo wa manoma."

Na tsaya a tsakiyar falon, na faɗa da Turanci, da irin harshen 'yan Birmingham, da ƙarfi yadda na matakala ma za su ji. Na ce ban san na Amurka ba, amma a nan dogo kashin fasinja yake kawo wa manoma, kuma shi suke ci yanzu haka. Na zayyana komai yadda Mista Clive ya faɗa, har da ƙarin gishirina. Cokula suka tsaya. Wani yaro a matakala ya furzar da lomarsa a kan kafet, sauran suka fashe da ihu. Anti Bilki ta rufe baki da mayafi ta nufi ban ɗaki, muna jin kakarinta. Kaka kaɗai ce ba ta ji abin da na ce ba, tana ta murmushi tana duban fuskoki, ta zaci wani abin dariya na faɗa. "Me ta ce?" ta tambayi Mama, Mama ta sunkuyar da kai. Ta tambayi Baba, ya kasa. Sai ta juyo gare ni. "Takwara, faɗa mini da bakinmu." Dole na maimaita da Hausa, kuma da Hausar yara kalma ɗaya ce na sani ta abin, ita na faɗa a gaban manya. Kaka ta dubi hannunta na dama da miya a jiki, ta daɗe tana dubansa. Ta miƙe ba tare da ta dafa kowa ba, ta bi baƙi ɗaya bayan ɗaya tana karɓe farantan daga hannunsu.

Ba a dake ni ba, da ma an yi. Baba ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya kira wani malami a waya, malamin ya ce abin da ya tsiro daga ƙasa aka wanke shi aka dafa halal ne. Anti Bilki da kanta ta bugo ta ce wuta ta kashe komai, babu wanda ko ciwon ciki ya yi, a ba Hajiya haƙuri. Kaka ta saurara ta ce ita ba fatawa ta nema ba. Ta ce tun tana budurwa ba a taɓa tashi daga akushinta da ƙyama ba, yau ga shi ta tara 'ya'yan mutane daga wani gari ta ciyar da su bayan gidan waɗanda ba ta ma sani ba, kuma labarin zai riga su isa Manchester. Ba ta sake taka lambun ba. Kabewa ta ruɓe a kan kunya, alayyahu ya yi fure ya bushe, Mista Clive ya aiko da jakar wake ta ce a mayar masa da godiya. Ta daina shiga kicin, in an yi baƙi ta haye sama. Ni kuwa takardar aikina na tarihi ta dawo da maki mai kyau da tauraro a kai, na cusa ta a ƙarƙashin katifa don ko ganinta ba na son yi. Kafin sanyi ya kama sosai Kaka ta ɗaure akwatinta, wannan karon kuma Baba bai da abin da zai riƙe ta da shi.

Ranar tafiyarta, mota na jira a waje, ta yi sallama da kowa yadda ake yi, a yafi juna. Na laɓe a bayan ƙofa ina harhaɗa kalmomin neman gafara da Hausa, suna watsewa. Ita ta zo ta same ni. Ta kama hannuna biyu da nata masu kaushi ta ce, "Ki yafe mini, 'yar nan. Wata guda ina ba ki ƙazanta da hannuna, ban sani ba." Tsohuwar da na tozarta ita ke roƙona. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne "It's okay, Kaka." Ta gyaɗa kai kamar ta gane, ta shiga mota. Damina biyu ta ƙara a ƙauye, ciwon ya ɗauke ta.

Yanzu a unguwar Rusholme ta Manchester nake zaune da mijina da 'ya'yana, ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Oxford Road. Aikina kullum shi ne buɗe 'yan kwalaben da marasa lafiya suka kawo bayan gidansu a ciki, in ɗiba in shafa a gilashi in duba, in wanke hannu in ci abincin rana lafiya lau. Jiragen ma an sa musu tanki, layin ya yi tsaf, babu abin da ke tsirowa a gefensa. 'Ya'yana ba su taɓa riƙe fartanya ba, ba su da tsohuwar da za ta ba su kunya a titi, kuma tausayinsu nake ji. Na ga abubuwan ƙyama iri-iri a wurin aiki, babu wanda ya hana ni cin abinci. Abin da har yau yake tayar mini da zuciya shi ne yarinyar nan da ta tsaya a tsakiyar falo tana jin daɗin muryarta. Kalma uku ce ta gagare ni a bayan ƙofa, yanzu na iya su sarai, sai dai babu wadda zan faɗa wa.